TAURARUWA MAI WUTSIYA: DAGA INA TAKE, INA ZA TA?

Bahaushe ya ce, "Tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba." Ba mu kaɗai ne muka yi mata wannan mummunan zato ba. A shekarar 1066 mutanen Ingila sun ga wata ta fito, kuma a cikin shekarar nan aka kashe sarkinsu Harold a fagen fama, sai suka ɗora mata laifi. A 1910 ma, da aka ba da labari cewa duniyarmu za ta ratsa ta cikin wutsiyar wata, kuma wai akwai iska mai guba a ciki, mutane da yawa a Turai da Amurka sun firgita, har 'yan damfara suka yi ta sayar musu da ƙwayoyin magani. Duniya ta ratsa ta wuce, ko kaza ba ta mutu ba. Abin mamaki kuwa shi ne, wadda aka gani a 1066 da wadda aka gani a 1910 tauraruwa ɗaya ce.

'Yan'uwana ɗalibai, nufina a wannan rubutu shi ne in yi bayani a kan irin waɗannan taurari masu tafiya su dawo: yadda hanyarsu take, abin da ke jikinsu, da kuma inda suka fito. Ina ganin duk wanda ya san waɗannan abubuwa uku, tsoro zai bar zuciyarsa, sha'awa ta maye gurbinsa.

WADANNE NE MASU GAJEREN ZANGO?

Da farko dai, tauraruwa mai wutsiya suna ne kawai, amma ba tauraruwa ba ce. Taurari na ainihi ranaku ne irin tamu, masu wutar kansu, nisa ne ya mai da su ƙanana. Ita kuwa mai wutsiya wani ɗan dunƙule ne da ke kewaya rana kamar yadda duniyarmu ke yi, kuma hasken da muke gani na aro ne daga rana.

Masana ilmin taurari sun kasa su kashi biyu. Wadda takan ɗauki fiye da shekara 200 kafin ta gama kewaye ɗaya, ana kiranta mai dogon zango. Wasu daga cikinsu sai sun yi dubban shekaru kafin su sake leƙowa. Wadda kuwa ke gama kewayenta cikin ƙasa da shekara 200, ita ce mai gajeren zango, kuma a kanta zan yi magana. Waɗanda aka tabbatar da dawowarsu har aka ba su lamba sun haura 400.

Mutumin da ya fara gane cewa suna dawowa wani Baturen Ingila ne, Edmond Halley. Ya ɗauki dokokin tafiyar abubuwan sama da abokinsa Isaac Newton ya fito da su, ya lissafa hanyoyin taurari masu wutsiya da aka gani a da. Sai ya lura waɗanda aka gani a 1531 da 1607 da 1682 duk hanya ɗaya suka bi, kuma tsakaninsu wajen shekara 76 ne. A 1705 ya bayyana cewa guda ɗaya ce, kuma za ta dawo wajen 1758. Ya rasu a 1742, bai ga cikar maganarsa ba. Ran 25 ga Disamba, 1758, wani manomi Bajamushe mai sha'awar kallon sama, Johann Palitzsch, ya hango ta. Tun daga nan aka sa mata sunan Halley. Da aka bi tsofaffin littattafai, sai aka tarar mutanen ƙasar Sin sun rubuta zuwanta tun shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa.

To, abin da za a iya faɗin ranar zuwansa tun shekara hamsin kafin ya zo, yaya za a ce don mutuwar wani sarki ya fito? Tamkar mutum ya ce ranar kasuwar garinsu don a yi masa sata take zagayowa.

YADDA HANYARSU TAKE

Hanyar da abu ke bi wajen kewaya rana ita ake kira falaki. Falakin duniyarmu ya yi kusa da cikakkiyar da'ira, saboda haka nisanmu da rana ba ya canjawa sosai. Wajen kilomita miliyan 150 ne. Falakin tauraruwa mai wutsiya kuwa dogo ne mai siffar ƙwai, kuma rana ba a tsakiyarsa take ba, tana can kusa da gefe ɗaya.

Domin a gane da kyau, mu ɗauka mun ajiye ƙwallo a gindin raga a filin wasa, mu ce ita ce rana. Idan ka yi taki 1 daga wurin, nan ne duniyarmu. A taki 5 za ka sami duniyar Jufita, wadda malamai ke kira Mushtari. A taki 30 kuma sai Neftun, ta ƙarshe cikin manyan duniyoyi takwas. Ita Halley takan matso har ta wuce mu, ta zo wajen rabin taki da ɗan ɗori daga rana, sa'an nan ta juya ta yi nisa har taki 35, watau bayan Neftun.

Gudunta ma ba ɗaya ba ne. Idan ta matso rana, ƙarfin jan rana yakan fizgo ta, har ta riƙa cin wajen kilomita 54 a daƙiƙa ɗaya. Idan ta kai can ƙurya kuwa, ko kilomita 1 ba ta cikawa a daƙiƙa. Wannan ya sa cikin shekarunta 76, 'yan watanni kaɗan ne take yi kusa da mu, sauran duk a cikin sanyi da duhu take ƙare su.

Masu gajeren zango su ma gida biyu ne. Gida na farko shi ne dangin Jufita, masu gama kewaye cikin ƙasa da shekara 20. Yawancinsu iyakar nisansu bai wuce wajajen falakin Jufita ba. Misalinsu Tempel 1, mai shekara 5 da rabi, da wadda ake kira 67P, mai wajen shekara 6 da rabi. Akwai kuma Encke, wadda ke dawowa duk bayan shekara 3 da 'yan watanni. Bajamushe Johann Encke ne ya lissafa hanyarta a 1819. Gida na biyu shi ne irin Halley, masu ɗaukar shekara 20 zuwa 200, kamar Tempel-Tuttle mai shekara 33 da Swift-Tuttle mai wajen 133.

Akwai wani bambanci tsakanin gidajen nan biyu da nake so mai karatu ya riƙe, domin zai yi mana amfani a gaba. Duniyoyin da ke kewaya rana kusan a shimfiɗe suke kamar ƙwayoyin gero a kan faifai, kuma duk gefe ɗaya suke juyawa. Dangin Jufita su ma kusa da faifan nan suke bi, suna juyawa inda duniyoyi ke juyawa. Irin Halley kuwa ba ruwansu da faifai. Wata ta sama take saukowa, wata ta ƙasa take ɓullowa. Halley kanta baya-baya take tafiya, ta saɓa wa duniyoyi gaba ɗaya.

ABIN DA KE JIKINSU

A 1950 wani masani a Amurka, Fred Whipple, ya ce asalin tauraruwa mai wutsiya curi ne na ƙanƙara gauraye da ƙura da tsakuwa. A lokacin ba wanda ya taɓa ganin curin, domin hazo yakan rufe shi. Sai a watan Maris na 1986 kumbon Giotto na ƙasashen Turai ya wuce Halley da tazarar wajen kilomita 600, ya ɗauko hotonsa. Aka ga tsawonsa wajen kilomita 15, faɗinsa wajen 8, ba shi da kyan siffa, kamar dankali. Aka kuma tarar baƙi ƙirin ne, ya fi gawayi duhu, domin cikin kashi 100 na hasken da ya sauka a kansa wajen kashi 4 kaɗai yake mayarwa. Ashe abin da ke haska sama har ya tsorata sarakuna, shi kansa baƙi ne!

Yawancin ƙanƙarar ta ruwa ce, irin wanda muke sha. Akwai kuma daskararrun iskoki, kamar kabon monoksaid da kabon dayoksaid da amoniya. Idan curin ya matso rana ya ji zafi, ƙanƙarar ba ta narkewa ta zama ruwa, domin babu iska a can da za ta danne ta. Kai tsaye take zama tururi. Duk ɗalibin da ya taɓa sa kafur a akwatinsa ya ga irin wannan: a farkon zango ƙwayar tana da girma, kafin hutu ta ƙanƙance, amma ba ta jiƙa tufa ko ɗaya ba.

Tururin nan yakan fito da ƙarfi, ya kwaso ƙura, su yi wani hazo mai faɗin dubban kilomitoci kewaye da curin. Shi ne kan tauraruwar. Wutsiya kuwa iri biyu ce. Akwai ta ƙura, wadda hasken rana ke turawa, takan ɗan lanƙwashe, launinta fari-fari. Akwai ta iska, wadda wata guguwa mai fitowa daga jikin rana ke kora, takan miƙe sak, launinta shuɗi-shuɗi. Dukkansu suna juya wa rana baya ne. Saboda haka idan tauraruwar ta kama hanyar komawa, wutsiyarta ce ke gaba, ita tana biye.

Bayan Giotto an aika da wasu kumbuna. A 2004 kumbon Stardust na Amurka ya ratsa hazon wata mai suna Wild 2, ya ɗebo ƙurarta, ya jefo ta duniya a 2006. Da aka bincika sai aka ga wasu ƙwayoyin duwatsu waɗanda ba sa samuwa sai cikin zafi mai tsanani. Ga ƙanƙara ga abin da wuta ta gasa a jiki ɗaya! Wannan ya nuna tun farkon zamani an yi cuɗanya, abin da ya samu kusa da rana ya yi tafiya har can nesa. Ran 4 ga Yuli, 2005, kumbon Deep Impact ya jefi Tempel 1 da wani ƙarfe mai nauyin wajen kilo 370, sai ƙura mai laushi kamar gari ta tashi tuli.

Wanda ya fi duka daɗewa yana kallo shi ne kumbon Rosetta na Turai. Ya tashi a 2004, ya yi shekara 10 a hanya, ya iske 67P a watan Agusta na 2014, ya zauna tare da ita har Satumba ta 2016. Ran 12 ga Nuwamba, 2014, ya saukar da wata 'yar na'ura mai suna Philae a kanta. Jan tauraruwar ba shi da ƙarfi, saboda haka na'urar ta yi tsalle har sau biyu kafin ta tsaya a wani lungu mai inuwa. An ga siffar 67P kamar agwagwa, curi biyu ne da wuya ya haɗa su, girmanta wajen kilomita 4. Cikinta duk kafofi ne, har nauyinta bai wuce rabin na ruwa da kaɗan ba. Da za a sami tafkin da zai ɗauke ta, da ta yi iyo. Cikin iskarta an sami sinadarin da ke ba ruɓaɓɓen ƙwai wari. An kuma sami gilaisin, ɗaya daga cikin sinadaran da ke gina naman jikin halitta, da fosfaras, wanda ke cikin ƙasusuwanmu.

KULLUM SUNA RAGUWA

Tun da kowane zuwa sai tauraruwa ta zubar da wani abu daga jikinta, lalle ba za ta dawwama ba. Kamar sabulu take, kowane wanka da abin da yake ci. Wata takan ƙare ƙanƙararta ta sama, ta zama busasshen dutse marar wutsiya. Wata kuma takan farfashe.

Labarin tauraruwar Biela ya isa misali. Tana dawowa duk bayan shekara 6 da 'yan watanni. A 1846 masana suna kallo ta rabu biyu. A 1852 aka ga ɓangarorin biyu sun dawo, sun yi nisa da juna. Daga nan ba a sake ganinta ba. Amma ran 27 ga Nuwamba, 1872, da duniya ta ratsa hanyar da takan bi, sai sama ta cika da dubban fitilu masu tsagawa, irin waɗanda in mun gani da dare mukan ce tauraro ya faɗo. Ɓurɓushinta ne ke ƙonewa cikin iskar duniyarmu.

Irin wannan yana faruwa kowace shekara, ko da bai kai na 1872 yawa ba. A watan Mayu da watan Oktoba muna ratsa ƙurar da Halley ta bari. A Agusta ta Swift-Tuttle, a Nuwamba kuma ta Tempel-Tuttle. Yawancin ƙwayoyin ba su fi tsabar yashi girma ba. Wanda ya fito tsakar gida kafin asuba wajen 21 ga Oktoba, in sama ta yi garau, yana iya ganin ɗan guntun Halley da idonsa, ba sai da madubin hangen nesa ba.

RUMBUN DA SUKE FITOWA

A nan ne tambaya babba ta taso. Masana sun ƙiyasta shekarun rana da duniyoyinta wajen miliyan 4,600. Tauraruwa mai gajeren zango kuwa dubban shekaru kawai take iya yi tana nuna wutsiya kafin ta ƙare. Da a ce tun farko suna kan hanyoyin da suke yanzu, da tuni babu sauran ko ɗaya. Gidan da ake dafa tuwo kullum, hatsi bai yanke ba, ai ka san akwai rumbu a wani wuri.

A 1950 Jan Oort, mutumin ƙasar Holan, ya nuna cewa masu dogon zango suna fitowa daga wani taron ƙanƙara da ya kewaye rana ta kowace fuska, kamar ƙwarya biyu a kife. A awon filinmu na ɗazu, nisansa ya kai dubban taki, har zuwa 50,000 ko fiye. Tun da ta kowace fuska yake, abin da ya fito daga can zai iya zuwa ta sama ko ta ƙasa ko baya-baya. Wannan ya dace da irin Halley, shi ya sa masana da yawa ke ganin aƙalla wasu daga cikinsu daga can suka taso.

Amma bai dace da dangin Jufita ba, masu bin faifai. Abin da ke tafiya a shimfiɗe, lalle daga shimfiɗaɗɗen wuri ya fito. Kenneth Edgeworth a 1943 da Gerard Kuiper a 1951 sun yi maganar ƙananan abubuwa a bayan duniyoyin da aka sani. A 1980 Julio Fernández, mutumin Yurugwai, ya lissafa ya ce wani zobe na ƙanƙara a bayan Neftun shi ne rumbun masu gajeren zango. A 1992 David Jewitt da Jane Luu, suna duba sama daga kan dutsen Mauna Kea a tsibirin Hawai, suka hango abu na farko a wurin bayan Fuluto da watansa. Yau an san dubbai. Ana kiran wurin Zoben Kuiper, daga taki 30 zuwa wajen 50. A gefensa akwai wasu da Neftun ta warwatsa, masu dogon falaki marar kwanciyar hankali, kuma masana na ganin daga cikin waɗannan ne yawancin dangin Jufita ke fitowa.

Yaya suke isowa gare mu? Hannu da hannu ake miƙo su. Neftun ta ja ɗaya ta karkatar da hanyarsa, ya shigo ciki. Yuranus da Satan su ma su ja, har bayan miliyoyin shekaru ya faɗo hannun Jufita. An ga waɗanda ke kan wannan hanya, kamar Chiron da aka gano a 1977, wanda daga baya aka ga ya yi hazo irin na mai wutsiya. Jufita kuwa ta ninka duniyarmu nauyi sau 318, saboda haka ita ke yanke hukunci. Wild 2 a da tana yin fiye da shekara 40 a kewaye ɗaya. A 1974 ta wuce kusa da Jufita, sai zangonta ya koma wajen shekara 6, kuma a 1978 aka gano ta. Haka 67P, a 1959 Jufita ta turo ta kusa da rana, a 1969 Klim Churyumov da Svetlana Gerasimenko suka gano ta.

Ba kullum Jufita ke jawowa ba, wani lokaci wurgarwa take yi kamar majajjawa. Tauraruwar Lexell ta wuce duniyarmu a 1770 da tazarar kilomita miliyan 2 da 'yan kai, amma a 1779 Jufita ta canja mata hanya, ba a ƙara ganinta ba. Shoemaker-Levy 9 kuwa ta shiga hannu sosai: Jufita ta farfasa ta gida 21, kuma a watan Yuli na 1994 gutsattsarin suka faɗa mata ɗaya bayan ɗaya.

AMFANIN SANIN WANNAN

Idan magina suka gama gida, akan sami ragowar tubali a bayan katanga. Wanda ke son sanin irin ƙasar da aka yi ginin da ita, ba sai ya rushe ɗaki ba, ragowar nan zai ɗauka. Haka taurari masu wutsiya suke. Duwatsun duniyarmu sun narke sun sāke kama, ruwa da iska sun ci su. Su kuwa waɗannan curarraki suna ajiye cikin sanyi tun farko, sai ga shi Jufita tana kawo mana su har ƙofar gida. Shi ya sa ake auna ruwansu a gwada da na tekunmu. Na Hartley 2, da aka auna a 2010, ya yi daidai da namu. Awon farko na 67P kuwa ya nuna nau'in ruwa mai nauyi ya ninka namu wajen sau 3. Ke nan ba duka suke ɗaya ba, kamar yadda ruwan rijiyoyin gari ɗaya kan bambanta.

Akwai kuma wani amfani. Sanin falakinsu shi ke ba da damar a faɗi tun da wuri ko wata za ta kusanci duniya. Wanda ya iya lissafi shi zai yi wa jama'a gargaɗi in da haɗari, shi kuma zai kwantar musu da hankali in babu. Wanda bai sani ba kuwa, shi ne kasuwar mai ƙwayoyin 1910.

A watan Disamba na 2023 Halley ta kai ƙarshen nisanta, ta juyo. Lissafi ya nuna za ta fi kusa da rana a ƙarshen Yuli na 2061. Mu da muke da shekara 16 yanzu, in da rai da lafiya, za mu kasance mun haura hamsin. Ran nan yara za su nuna sama su tambaye mu ko mene ne wancan. Ni dai ba na so amsarmu ta tsaya a karin magana kaɗai. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana mu dage da lissafi da kimiyya, kada mu gudu daga gare su don wuya, ko a samu daga cikinmu waɗanda za su auna ta su rubuta labarinta da harshenmu. A nan zan dasa aya.